Hoto na Ashirin na Don Eloy Archuleta

Ranar Alhamis, 30 ga Oktoba, 2025, da misalin ƙarfe huɗu na yamma, Allah ya karɓi ran Don Eloy Archuleta a gidansa da ke nan Rincon, yana da shekara tamanin da ɗaya. Huhunsa ne ya gaji, huhun da ya sha ƙurar ramin haƙar ma'adinin yuraniyom shekara goma sha tara tun yana saurayi. Mun yi masa addu'ar carbi daren Lahadi, muka binne shi ranar Litinin a maƙabartar bayan coci, kusa da iyayensa. Da Fada ya zo wurin da ake roƙon Allah ya ba mamaci haske madawwami, sai matarsa, Doña Fidelia, ta zungure ni da gwiwar hannu, hawaye na zuba, ta raɗa mini, "Ki ji fa, Dorinda. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana faɗa da fitila." Na danne dariya, sai ta koma mini kuka.

Don Eloy, ni ce Dorinda Velarde ta gidan mai, ɗalibarka mai taurin kai. A coci an ce in tashi in yi magana, na kasa. Shi ya sa na zauna na rubuta. Akwai kuma wani abu da na yi maka a kwanakinka na ƙarshe, wanda nake so mutanen garin nan su ji daga bakina kafin su ji a wani wuri.

Shekara goma sha ɗaya ke nan da fara zamana da kai. Lokacin ina tsaron kanti da asuba a gidan man da mahaifinmu ya bar mana, ni da yayana Leandro, can ƙarshen gari a bakin babbar hanya. Kai kuwa kakan shigo kafin gari ya waye, a-kori-kurarka ta yi jawur da ƙura, hannuwanka sun sandare don sanyi, ka nemi kofi baƙi. Wata rana na kasa haƙuri, na ce, "Don Eloy, tsofai-tsofai da kai, me kake nema a jeji da dare? Ko Doña Fidelia ce ta kore ka?"

Ka ce, "Aiki nake, 'yata. Ke kina sayar wa mutane mai su wuce ƙasar nan da gudu, ni kuwa ina tsayawa in dube ta."

Ka zaro hoto daga aljihun rigar sanyi ka ajiye mini a kan teburi. Bakin kwazazzabon Tecolote ne, wurin da na sani tun ina yarinya muna kai wa kakana abinci wajen tumaki. Amma ban taɓa ganin sa haka ba. Duwatsun sun yi baƙi, sama kuma ta cika maƙil, farar hanyar taurarin nan da tsofaffinmu ke kira Hanyar Santiago ta sauko har kan dutse. Na ji haushi, wallahi. Shekara arba'in da huɗu ina zaune ƙarƙashin wannan abu, sai da wani tsoho ya kawo mini shi a takarda. Na ce ka koya mini. Ka ce in zo ranar Juma'a da takalmi mai kyau, in bar surutu a gida.

Takalmin na zo da shi. Daren farko kana tsakiyar ɗauka, idon kyamara a buɗe, na dalle tocila fara fat don in nemo safar hannuna. Ba ka yi faɗa ba. Ka karɓe tocilar, ka ɗaure mata jar leda a baki, ka ce in zauna a kan fa minti ashirin kada in taɓa komai. Na zauna ina ƙunƙuni. Can sai na ga taurari suna ƙaruwa, na fara ganin gefen dutse, har na ga tafin hannuna. Ka ce ido ma sai an ba shi lokaci, kuma wanda bai iya jiran idonsa ba, kyamara ba za ta yi masa komai ba. Wata uku cur ba ka bar ni na taɓa kyamara ba. Ɗaukar kaya kawai nake, da zama, da kallo.

Da rana kake koya mini aikin dare. Mu je mu duba wuri ido na ganin ido, mu san inda dutse ke da santsi, inda bakin rami yake, inda tauraro kaza zai ɓullo. Ka hana ni taka baƙin ɓawon nan da ke rufe yashi, ka ce abu ne mai rai, sawu ɗaya sai ya yi shekaru bai warke ba, don haka a bi kan dutse ko a bi busasshen rafi. Busasshen rafin ma da sharaɗi. Wata rana a Agusta, sama garau a kanmu, ka ja hannuna da ƙarfi muka haye sama, ina ta tambayar me ya faru. Ashe ka hango hadari can nesa a kan tsaunuka. Ba a yi rabin awa ba jan ruwa ya taho da itatuwa da duwatsu, ya share inda muka ajiye filas ɗinmu. Ka dubi ruwan, ka dube ni, ka ce kofin dama ya huce.

Alherinka ba ni kaɗai na ci ba. Matan abokan aikinka da ramin ya cinye, babu wadda ba ka kai wa hoton gidan da aka haife ta ba, ko da kango ne ya rage, kuma ba ka taɓa bari an yi maka maganar biya ba. Baƙi nawa ka tsinto a jeji, sun bi taswirar waya ta kai su ta baro su, ka kawo su gida Doña Fidelia ta cika su da miyar koren barkono da naman tunkiya? Na taɓa tambayar ka yadda aka yi mutumin da ya sha duhun rami bai ƙoshi da duhu ba. Ka ce duhun rami babu komai a cikinsa, wannan kuwa cike yake, kuma ka yi wa kanka alkawari tun kana ƙarƙashin ƙasa cewa in ka fito da rai za ka riƙa ɗaga kai.

Amma babban aikinka ba hotunan nan masu kyau ba ne da baƙi ke saye. Tun shekarar 2006, kowane Oktoba, kakan je bakin Tecolote, mil goma sha huɗu daga gari, ka ɗauki hoto guda ɗaya. Dokokinsa ba sa canzawa. Ƙafafu ukun da ake ɗora kyamara suna shiga wasu ƙananan ramuka uku da ruwa ya ci a jikin fa. Kyamarar ita ce dai tsohuwar nan, wadda ka naɗe saitinta da salatif don kada hannu ya motsa shi. Ƙarfe goma na dare daidai, bayan wata ya yi aƙalla awa guda da faɗuwa, daƙiƙa talatin, ana fuskantar gari. A hoton farko Rincon ɗan ɗigo ne, Hanyar Santiago ta sauka har kansa. Daga nan kowace shekara sai wani rawayan haske ya ƙara tasowa daga gari yana cin taurari daga ƙasa. In aka jera su a kan teburi, ko yaro zai gane abin da ke faruwa.

Da waɗannan hotuna kake bin majalisar gari shekara da shekaru, kana roƙon a yi dokar fitilu: a sa wa fitilun waje murfi su dubi ƙasa, dogayen kuma a kashe su bayan ƙarfe goma sha ɗaya. Sau biyu ana ɗage zaman. A ƙarshe aka tsayar da ranar Talata, 18 ga Nuwamba, aka ce ka zo da hotunanka, ashirin cif idan an haɗa da na bana.

Ga inda abin ya shafe ni. A shekarar 2019 muka kafa dogon ƙarfe a gidan manmu, mai manyan fitilu huɗu, don direbobin tirela su hango mu tun daga gangara. Tun daga shekarar, wuri mafi haske a hotonka namu ne. Leandro yana cikin masu adawa da dokar, kuma ba ya ɓoyewa. Kullum maganarsa ita ce direba ba ya tsayawa inda bai ga haske ba, kuma da wannan gidan man ne gidaje biyu ke cin abinci. Ba ƙarya yake ba. Kai kuwa ba ka taɓa ce mini uffan a kan fitilun nan ba. Ka ci gaba da zuwa shan kofinka a ƙarƙashinsu, ni kuma na ci gaba da yin kamar ban gane ba.

Bana ciwo ya kwantar da kai tun Satumba, da robar iska a hanci. Ka kira ni, ka miƙa mini tsohuwar kyamara, ka ce ni zan ɗauki na ashirin. Ranar Talata, 21 ga Oktoba, na je ni kaɗai. Sama ta yi kyau irin wanda ba a samu kullum. Na kafa komai, na gwada ɗauka ɗaya, na duba. Ga gidan manmu ya yi ɓaro-ɓaro a tsakiyar hoto, ya shanye rabin sararin da ke kansa. Saura minti goma ƙarfe goma ta cika, na ciro waya na kira Leandro.

Na ce, "Yaya, don Allah kashe mini dogayen fitilun nan minti goma kawai."

Ya ce, "Ke da haukanki na taurari. In tirela ta wuce mu, ke za ki bi ta da gudu."

Amma ya kashe. Ina tsaye na ga taurari sun dawo ƙasa, Hanyar Santiago ta ƙara tsawo. Na ɗauka. Duk mai ɗaukar hoton dare ya san wannan roƙo, mun sha roƙon masu zango su kashe fitilar mota, don haka ban ko ɗauke shi laifi ba. Na gaya wa kaina cewa tsoho mai jinya nake so in kai wa abu mai kyau ya gani. Akwai wannan a ciki. Amma akwai kunya kuma, ba na so a jera hotuna gaban mutanen gari a ga inda muke.

Washegari na wanko shi babba na kai maka. Doña Fidelia ta tayar da kai zaune, ta miƙo maka gilashin ƙara girma. Ka daɗe kana bin hoton, sannan ka ɗago.

Ka ce, "Yayanki ya rufe gidan man ne?"

Na ce a'a.

"Wuta aka ɗauke?"

Na ce ni na roƙe shi ya kashe fitilun.

Ka ce, "Hoton ya yi kyau, 'yata. Ki kai wa masu kalanda."

Da ka zage ni da ya fi mini sauƙi. Ka huta, ka ja numfashi, sannan ka yi mini bayani a hankali, kalma biyu ka tsaya, kalma uku ka tsaya. Ka ce sha tara na gaskiya ne, amma duk wanda ya gano na ashirin an gyara masa zama, zai zubar da su duka. Kuma wanda ya san an gyara ɗin, da hannunsa ya kashe fitilun, yana cikin masu adawa, zai zauna a ɗakin taron. Sai a lokacin na gane abin da na yi. Aikin shekara ashirin na ɗauka na miƙa wa duk mai son ya rushe shi, a kan minti goma. Na fito daga ɗakin, na zauna a mota, na yi kuka irin wanda rabona da shi tun rasuwar mahaifinmu.

Na ƙudura in koma a daren, sai hadari ya rufe sama. Aka kwana ana ruwa, aka wuni Alhamis, aka wuni Juma'a. Wata kuwa ba ya jiran kowa, kullum yana ƙara jinkirin faɗuwa. Na duba lissafinka da ke manne a murfin jakar kyamara: daren Asabar ne na ƙarshe da zai cika ƙa'ida. In ya wuce, sai baɗi, kuma dukanmu mun san ba za ka kai baɗi ba.

Asabar da la'asar gari ya washe. Motata ba za ta iya hanyar ba bayan irin wannan ruwa, dole na je wurin Leandro na faɗa masa komai. Ya yi ta faɗa, ya ce wato so nake ya kai ni da motarsa in ɗauko hoton da za a yaƙe shi da shi. Na ce haka ne. Ya dube ni ya daɗe, ya ɗauki mabuɗi, ya ce, "Ba don tsohon nan zan je ba. Don kada a ce na bar ƙanwata ta faɗa rami ne."

Mun tarar da rafin yana gudu, ja, har yana ɗauke da rassa. Leandro ya ce motarsa za ta haye. Na ce ba mai shiga ruwan nan, haka aka koya mini. Muka bar mota, muka bi ta kan duwatsu, zagayen mil uku zuwa inda rafin ya matse ake iya tsallakawa. Shi ya saɓa ƙafafun kyamara yana mita, ni ina gaba da jar tocila ina hana shi taka ɓawon yashi. Mun isa saura minti ashirin da biyar ƙarfe goma ta cika. Na sa shi ya zauna a kan fa, na karɓe wayarsa na sa a aljihuna. Shekararsa hamsin da takwas a ƙasar nan, bai taɓa ganin garinmu daga waje da dare ba. Can sai ya nuna da haɓa.

Ya ce, "Wancan ƙaton fa?"

Na ce, "Namu ne, Yaya."

Da ƙarfe goma ta yi, sai ya ce in matsa da ƙafata kada in girgiza abin. Na buɗe idon kyamara, na ƙirga talatin, fitilunmu huɗu suna ci.

Ranar Lahadi bayan coci na kai maka. Idonka ya riga ya yi rauni, ka kasa riƙe gilashin, ka ce in faɗa maka da baki. Na ce ya yi muni. Ka tambayi har ina hasken ya ci, na ce ya wuce na bara da kamar yatsa biyu. Ka lumshe ido ka ce, "To, shi ne. Rubuta kwanan wata a baya." Na rubuta. Na ɗauko na ranar Talata zan yaga, ka ɗaga hannu ka hana ni.

Ka ce, "Kada ki yar. Juya bayansa ki rubuta abin da kika yi, da wanda kika kira, da minti nawa. In kin rubuta gaskiya a bayansa, ya daina zama ƙarya. Ki ajiye su gefe da gefe, mutane su ga abin da minti goma ke dawo musu da shi."

Na ce ai in na yi haka, sunan gidanmu zan kira gaban kowa. Ka ce ka sani. Ita ce magana ta ƙarshe da ta shiga tsakanina da kai a kan hoto. Kwana huɗu bayan haka ka tafi.

Leandro na cikin mutum shida da suka ɗauki akwatinka. Ba zan yi maka ƙarya ba, Don Eloy, na riga na gwada na ga yadda take ƙarewa: bai sauya ra'ayi ba. Har yanzu yana cewa dokar za ta rage mana ciniki, kuma wataƙila ta rage. A gidanmu kwanakin nan magana ba ta da yawa. Amma shekaranjiya yana gyaran famfon mai, bai ko ɗago ba, ya ce mini, "Ban ce na yarda da dokarku ba. Amma in an tambaye ni, ni na kashe fitilun, da hannuna. Ba zan musa ba." Wannan ya ishe ni.

Doña Fidelia, shekara hamsin da bakwai kina ajiye masa abinci a rufe kina kwana da kunne ɗaya a ƙofa, Allah ya ba ki haƙuri, ya saka miki da alheri. 'Ya'yansa Marisela da Ofelia, da 'ya'yanku, da 'yan tsirarun abokan aikinsa na rami da suka rage, ina yi muku ta'aziyya da zuciya ɗaya, Allah ya sanyaya muku. Shi kuwa, Allah ya ji ƙansa, ya gafarta masa kurakuransa, ya ba shi numfashin da duniya ta rage masa, ya sa ya huta.

Hotuna ashirin da ɗaya suna kan teburina, na jera su, na rubuta a bayan na ranar Talata duk abin da ka ce, da cikakken sunana. Ban taɓa magana gaban taro ba, kuma na san muryata za ta yi rawa. Ta yi ta rawarta. Ka huta, Don Eloy. Ranar Talata ni zan tashi gaban majalisa, kuma da gidan manmu zan fara.